Yadda Ubangiji Ya Buɗe Mini Murya a Ɗakin Ajiyar Iri

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta sauka a kanku duka, daga dattawan ikkilisiya har zuwa baƙon da ya shigo yau.

Sunana Ishaku. Waɗanda suka daɗe a wannan ikkilisiya ta Kazaure sun san fuskata, ko da yake wataƙila ba su san muryata ba, domin ni ne mai zama a bencin baya kusa da taga. Asalina daga wani ƙauye ne a ƙasar Roni. Na karanta aikin gona a jami'a, yanzu ina aiki a ofishin wata ƙungiyar manoma a nan garin. Aikina shi ne in zagaya Roni da Gwiwa da Babura in ga yadda irin da muka raba ya yi a gona, in dawo in rubuta rahoto a kwamfuta.

Na daɗe ina jinkirin ba da wannan shaida. Ina tsoron kada in ƙara abin da bai faru ba, ko in jingina wa Allah abin da ni kaɗai na zata. Saboda haka zan faɗi abin da na tabbatar, inda ban tabbatar ba kuma zan gaya muku.

A farkon daminar bara ina dawowa daga Gwiwa a kan babur, sai na iske ruwa ya cinye gefen hanya. Ban gani ba sai da na zo kai, babur ya kife da ni. Na miƙa hannuwana biyu don in kare fuskata. Fuskar ta tsira, hannuwan ba su tsira ba.

An yi ɗori, ƙashi ya kama. Amma likita a Kano ya ce jijiyoyi sun taɓu. Yatsun hannun dama suka lanƙwashe, na hagu kuma yana rawa, in na nufi harafi ɗaya sai in danna na kusa da shi. Matata Rifkatu ce take sa mini maɓallin riga har yau. Mutumin da abincinsa yake a yatsunsa, ga yatsun sun ƙi!

Da kaka na koma ofis. Shugabanmu, Alhaji Sabo, dattijo ne mai natsuwa, kuma teburina yana cikin ɗakinsa ne, a kusurwa. Ya yi mini sannu da jiki, sannan ya ce, "Malam Ishaku, mun riƙe maka kujerarka duk wannan lokaci. Amma masu ba mu tallafi suna jiran rahoton kaka kafin ƙarshen wata. In ka iya, alhamdu lillahi. In ba ka iya ba, to dole mu zauna mu yi magana."

Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Amma na san abin da zaman yake nufi. Aikina ne zai tafi, da shi kuma abincin gidana.

A ranar ne Nura ya zo. Nura abokin aikina ne, shi ke kula da kwamfutocin ofis, kuma shi ya riƙe aikina lokacin da nake kwance. Ya ajiye wani abin sawa a kunne mai ɗan makirufo a bakinsa, ya ce, "Oga Ishaku, an gama da matsalarka. Na sa maka wata manhaja. Magana kawai za ka yi, kwamfuta ta rubuta. Ka ce ta buɗe, ta buɗe. Ka ce ta goge, ta goge. Ko linzamin kwamfutar ba sai ka taɓa ba."

Ya kamata in yi murna. Ban yi ba.

Abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne, me ya sa Nura yake wannan rawar jiki? An ce ya yi aikina da kyau da ba na nan. In na kasa, wa za a ba kujerar in ba shi ba? Mutum zai gyara wa wani hanyar da za ta hana shi ƙarin girma? Ban ce haka yake ba. Amma haka na yi tunani.

Sai ya ce in karanta wani dogon rubutu na Turanci da ƙarfi, wai don na'urar ta saba da muryata. Nan hankalina ya ƙara tashi. Na sha jin labarin 'yan damfara da suke kiran mutum da muryar ɗan'uwansa. Na tambaye shi, "Nura, in ta saba da muryar, ina take kai ta?"

Ya yi dariya. "Ina za ta kai ta, Oga? Kasuwar Babura?"

"Tambaya na yi."

"Tana nan cikin kwamfutar. Wallahi kai dai ko ruwa aka ba ka sai ka leƙa gindin kofi."

Amsar ba ta shige ni ba. Makirufo a bakina tun safe har a tashi, yana jin duk abin da na faɗa. Ni kaɗai ne Kirista a ofishin. Dole in faɗi gaskiya a gaban Allah: ba wanda ya taɓa nuna mini bambanci a wurin, da Kirsimeti ma har gida suke zuwa cin shinkafa. Amma tsoro ba ya neman shaida. Na riƙa raya wa kaina cewa wata rana zan yi suɓutar baki, na'urar ta ajiye, a fito da ita a ranar zaman.

Da Turanci ake ba ta umarni, amma zan faɗa muku da Hausa. Kalmomin gajeru ne, babu gaisuwa, babu neman izini. Buɗe. Rufe. Goge wannan. Koma baya. Dakata. Kuma sai an faɗe su da cikakkiyar murya, baki a buɗe.

To, 'yan'uwa, ku dubi halin da nake ciki. Ga Alhaji Sabo zaune kusa da ni, sa'an mahaifina. Sau da yawa ga baƙinsa, dattawan manoma da masu unguwanni, sun tuɓe takalma a bakin ƙofa suna magana a hankali. Ni kuma in buɗe baki a tsakiyarsu in ce "Dakata!" ko "Rufe!" A gidanmu ba a yi mini wannan tarbiyya ba. Mahaifina bai taɓa jin muryata ta haura tasa ba har ya koma ga Ubangiji. In babba yana wuri, kana sunkuyar da kai, muryarka ma ta sunkuya.

Saboda haka sai in kawo makirufon dab da leɓena in yi raɗa. Wani lokaci kuma, don kada Alhaji ya zaci da shi nake, sai in lulluɓe umarnin da ladabi, in ce, "Don Allah, in ba damuwa, ko za a iya buɗe rahoton Roni?" Na'urar ba ta buɗe komai. Sai ta ɗauki maganar ta rubuta ta a tsakiyar aikina, ko ta yi shiru kamar ba kowa.

Nura ya leƙo ya gani, ya riƙe ciki. "Oga, ba surukarka ba ce! Ka daka mata tsawa kawai."

Na ce, "Ina ƙoƙari."

"Wannan ba ƙoƙari ba ne, zance ne. Kamar ka je neman aure."

Shi wasa yake yi, wataƙila. Ni kuwa na ɗauka yana jin daɗin kasawata. In ya zauna ya gwada, komai sai ya tafi daidai. In na karɓa, sai ta ƙi. Me zan ce? Na ce a raina ya saita ta ne yadda za ta ji shi, ta ƙi jin nawa, don Alhaji ya gani da idonsa cewa an ba ni dama na kasa. Har na fara lura da lokacin da yake shiga wurin Alhaji, da tsawon zamansa, da yadda suke yin shiru in na dawo daga bayan gida. Ko sun yi shirun da gaske, ko kunnena ne, ban sani ba.

Wata yana ta tafiya. Rahoton bai wuce shafin farko ba.

Ran wata Laraba da safe na shiga ofis na tarar babu teburina. Wurin fayau, sai alamar ƙafafunsa a kan siminti. Alhaji ya tafi Babura duba rumbunan ƙungiya. Na tambayi Nura, ya ce, "Alhaji ne ya ce a kai maka shi ɗakin ajiya, can baya. Mun share, mun ja maka waya."

"Ya faɗi dalili?"

"Bai faɗa ba. Ka san Alhaji."

Ɗakin ajiya! Inda muke tara buhunan irin gyaɗa da gero, da tsofaffin kujeru masu karyayyar ƙafa. Na leƙa na ga teburina a tsakanin buhuna, da kwamfutar, da makirufon a kai yana jirana. Na ce shi ke nan, an fara fitar da ni. Yau ɗakin ajiya, gobe bakin titi. Ko zama ban yi ba, na ce wa Nura jikina ba daɗi, na hau acaɓa na koma gida.

Na iske Rifkatu tana tankaɗe. Na ce, "Ɗauko takarda da biro. Zan ajiye aiki da kaina kafin a kore ni. Gara in fita da mutuncina."

Ta dube ni, ba ta ajiye rariyar ba. "An ce maka an kore ka?"

"Ba a faɗa ba, amma alamu sun nuna."

"Baban Talatu, kai kullum alamu. Ni ba zan rubuta ba. In ka matsu, je ka gaya wa na'urar taka ta rubuta maka."

"Ai ba ta jin maganata."

"Ni ma da ƙyar nake ji," in ji ta. "Tashi ka yi wanka, yau akwai addu'a."

Ban so zuwa ba. Amma da la'asar ta sa mini maɓalli, muka taho addu'ar tsakiyar mako. Mutane ba su da yawa. Fasto ya ce a rabu biyu-biyu, kowa ya faɗi damuwarsa ga Ubangiji, ɗan'uwansa ya tsaya masa da amin. Na duba in ga wanda zan zauna da shi, sai na ga saura Mama Saratu.

Kun san Mama Saratu, tsohuwar da take zama a bencin gaba saboda kunnenta ya yi nauyi. Ta kama lanƙwasassun yatsuna ta riƙe a tafinta, ta ce, "To ɗana, fara."

Na sunkuyar da kai na fara yadda na saba. Na ce, "Ya Ubangiji, in nufinka ne, in kuma ba zai zama na yi gaggawa ba, wataƙila ko za ka duba..."

Ta girgiza hannuna. "Me ka ce?"

Na ɗan ƙara. Ta ce, "Ban ji ba. Da wa kake magana, da cinyarka?"

Na ce, "Mama, ai Allah yana jin na zuci."

"Shi yana ji. Ni fa? An ce in ce amin. Ta yaya zan ce amin a kan abin da ban ji ba? In kana roƙon a kashe ni ne fa? Ɗaga murya!"

Waɗanda suke kusa suka fara murmushi. Kunya ta rufe ni. Ga dattawa a ɗakin, ga Fasto. Amma tsohuwa ta riƙe hannuna gam, ba ta da niyyar saki. Na ɗaga kai. Na buɗe baki. Abin da ya fito bai yi kama da addu'o'in da na saba tsarawa ba.

Na ce, "Yesu, tsoro nake ji!"

Ta ce, "Amin! Yanzu na ji. Ci gaba."

"Hannuwana sun mutu, ina tsoron aikina zai tafi! Ina zargin kowa! Ina zargin wanda ya taimake ni, ina zargin shugabana, har kai ma ina zarginka, ina ganin ka manta da ni a hanyar Gwiwa! Na gaji! Ka cire mini wannan abu daga ƙirjina!"

Ban san na iya kuka irin wannan ba. Majami'a ta yi tsit, sai muryata da amin ɗin Mama Saratu. Ban ga wahayi ba, ban ji wata murya daga sama ba, kada in ƙara abin da bai faru ba. Yatsuna ba su miƙe ba. Amma wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi, tun kafin haɗarin ma in na yi tunani, ya sauka. Na faɗi abin da ke raina da ƙarfi a gaban manya, kuma ba wanda ya tashi ya fita. Halleluya!

Da muka gama ta shafa kaina ta ce, "Ashe da murya a cikin nan. Kana ta ɓoye ta kamar ta sata."

Washegari na koma ofis. Ba zan ce zargin ya tafi gaba ɗaya ba. A hanya ma sai da na raya cewa wataƙila yau ne zaman. Amma na ce, Ubangiji, ko korar ce, bari ta same ni ina aiki.

Na shiga ɗakin ajiya. Nura ya sa mini abin kunnen ya fita, ya ja ƙofa. Na duba dama, buhunan gyaɗa. Na duba hagu, buhunan gero. Babu Alhaji, babu baƙo, babu wanda zan ji nauyinsa. Na ja numfashi, na yi magana da muryar da na yi addu'a da ita jiya.

"Buɗe rahoton kaka!"

Ya buɗe.

'Yan'uwa, ya buɗe! Na zauna ina kallon allon kamar ban taɓa ganin kwamfuta ba. Na ce ta sauka ƙasa, ta sauka. Na ce ta goge shirmen da ta rubuta kwanakin baya, ta goge. Na fara ba ta labarin gonakin Roni, yadda gyaɗar da aka shuka da wuri ta tsere wa cutar tsatsa, da yadda gero ya yi a Gwiwa duk da ruwan da ya ɗauke a tsakiya. Ina faɗa, tana rubutawa. Takan yi kuskure, musamman a sunayen ƙauyuka, sai in sa ta koma in jera mata haruffan. Amma tana ji na. Ba wanda ya taɓa saitinta tsakanin jiya da yau. Ita ce dai ta jiya. Ni ne na canja.

Ban san lokacin da azahar ta wuce ba. Sai na ji an turo ƙofa, na waiga na ga Alhaji Sabo, ya dawo daga Babura, da ƙurar hanya a babbar rigarsa. Nan take muryata ta koma ciki. Na yunƙura zan tashi.

Ya ce, "Zauna, zauna. Tun daga bakin ƙofar waje nake jin ka. Na ɗauka wani ne yake wa buhunan wa'azi."

Na ce, "A gafarce ni, ranka ya daɗe, ban san ta fita waje ba."

"Ai don ta fita na kawo ka nan." Ya jingina da buhu. "Na lura da kai, Malam Ishaku. In ina ɗakin, sai ka yi ta raɗa kamar mai gulma. In na fita alwala na dawo, sai in ji ka ɗan fi ƙarfi, da ka gan ni kuma ka shanye. Na tambayi Nura, ya ce abin ba ya aiki sai da murya. Ladabi ne, iyayenka sun yi aiki, ba zan ce ka bari ba. Ni kuma ba zan bar ofishina ba. To sai na ce a ba ka naka, inda babu babba sai kai."

Na ce, "Na zaci korata za a yi."

Ya yi dariya har hularsa ta goce. "Wanda za a kora ake ja wa wayar lantarki? Gama mana rahoton nan, don Allah."

Na gama shi kafin ƙarshen wata. An aika, an karɓa. Zaman da Alhaji ya ambata ba a yi shi ba har yau. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

Na sami Nura na gaya masa abin da na riƙa zato a kansa. Ya dube ni ya ce, "Kujerarka? Oga, wata nawa na yi ina rubuta labarin tsatsar gyaɗa, har mafarkinta nake yi. Riƙe abinka!" Ya kuma zaunar da ni ya nuna mini inda aka saita manhajar don muryata ta tsaya a cikin kwamfutar. Ban fahimci duka ba, kuma ba zan tsaya a nan in ce muku kowace irin na'ura abin yarda ce ba. Ku yi tambaya kafin ku sa baki. Ni ma har yanzu, in an tashi, sai na sa an zare makirufon an sa a aljihun tebur. Nura yana ce mini mai gadin murya. Ban damu ba.

Hannuwana suna nan yadda suke. Na hagu ya ɗan rage rawa, likita ya ce a ci gaba da gashi, ban san inda zai tsaya ba. Ban zo in ce an warkar da yatsuna ba. Abin da aka cece ni daga gare shi ya fi yatsu zurfi. Na kusa in ajiye aikina da kaina, in jefa iyalina cikin yunwa, saboda mutane biyu sun yi mini alheri ni kuma na karanta shi a matsayin tarko.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana cikin irin halin da na shiga, kana ganin maƙiyi a bayan kowace ƙofa, kada ka tsaya kana tsara wa Allah magana mai kyau. Faɗa masa abin yadda yake. Ka dogara gare shi, domin tun ina kuka a majami'a, teburina yana can an riga an share masa wuri.

Na'urar ba ta iya Hausa sosai ba tukuna, saboda haka Rifkatu ce ta rubuta mini wannan shaida da hannunta. Wannan kam ta yarda ta rubuta. Ina gode wa Yesu da ya riƙe mini aikina, ya kuma ba ni bakin da zan gode masa. Roƙona ɗaya ga wanda zai karanta ta a gaban jama'a ran Lahadi: ya ɗaga murya sosai, don Mama Saratu ta ji ta ce amin.